Saƙƙara: kwanukan dutse dubu 40 da suka riƙe sunayen sarakunan Misira

Duk baƙon da ya sauka birnin Alƙahira, ko ɗan kasuwa ne da ya je sarin kaya, ko ma'aikacin gwamnati da aka tura taro, ko uba da ya je ganin ɗansa mai karatu a Azhar, abin da ake fara kai shi ya gani shi ne manyan dala guda uku na Giza. Can zai ɗauki hoto, ya hau raƙumi in yana so, ya komo masauki yana cewa ya ga Misira. Kaɗan ne ke ƙara gaba zuwa Saƙƙara, alhali tafiyar ba ta wuce kilometir 30 ba daga tsakiyar birni, kuma a can ne aka binne ɗaya daga cikin shaidun da suka fi tsufa game da sarakunan farko na wannan ƙasa.

Hanyar tana bin gefen wata babbar magudanar ruwa ta ban-ruwan gonaki, ana wuce garken dabino, da gonakin ciyawar dabbobi, da gidajen da ake koya wa yara saƙar darduma. Sai kwatsam kore ya ƙare, kamar an ja layi da wuƙa. Mutum na iya aje ƙafa ɗaya cikin baƙar ƙasar noma, ɗayar kuma cikin rairayi. Daga nan mota ke hawa tudun hamada, a yamma da kogin Nilu. Wannan tudu shi ne maƙabartar Mamfis, babban birnin Misira na farko, wanda kufansa ke ƙasa cikin dabino kusa da ƙauyen Mit Rahina. An shafe shekaru fiye da dubu 3 ana binne sarakuna da fadawa da talakawa a wurin, kuma tun 1979 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya.

Abin da ido ke fara cin karo da shi a saman tudun shi ne dalar sarki Zosar. Ba sumul take ba kamar na Giza. Hawa shida gare ta, kowane hawa ya fi na ƙasansa ƙanƙanta, kamar yadda tsofaffin ƴan kasuwa suka san jerin buhunan gyaɗa a zamanin da gyaɗa ke da daraja. Tsawonta ya kai metir 60, watau ya ninka hasumiyar babban masallacin Agadas. An gina ta wajen shekara ta 2650 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma ita ce babban ginin dutse na farko da Misirawa suka tayar.

Ya kamata a warware wani abu tun da wuri. Mai karatu ya san Fir'auna na ƙissar Annabi Musa (AS), har sunan ya zama lakabin duk wani azzalumi. A harshen Misirawan dauri kalmar na nufin babban gida, watau fada, kuma sai bayan shekaru fiye da dubu da mutuwar Zosar aka fara kiran sarki da ita. Masana tarihi ne suka game su duka da wannan suna don sauƙin magana. Shi kansa Zosar, a zamaninsa da sunan Neceriket ake rubuta shi. Sunan Zosar ya bayyana ne a rubuce-rubucen waɗanda suka zo daga baya.

Ganuwar da ta kewaye dalar ta farin dutse ce, tsawonta metir 10 da rabi, kuma filin da ta rufe ya kai hekta 15. An sassaƙa mata ƙofofi da dama na ƙarya, guda ɗaya tak ce ake shiga, a kusurwar kudu maso gabas. Wanda ya shiga zai bi ta wani dogon soro mai ginshiƙai 40, an sassaƙa kowane ginshiƙi kamar damin kara da aka ɗaure. Rufin soron dutse ne, amma an yi shi da siffar azara. Har ƙyauren ƙofa na dutse ne, a buɗe yake tun ranar da aka yi shi, ba ya kuma rufuwa. A bayyane take magina na kwaikwayon itace da kara da tabarma ne, abubuwan da suka saba gini da su. Tambayar da ke zuwa a zuciya ita ce, ina suka samo wannan gwaninta ta sarrafa dutse, tun da ba su taɓa irin wannan gini ba? Amsar tana ƙarƙashin ƙafar mai tambaya.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Wani Bature ɗan Ingila, Cecil Firth, ya fara yashe rairayin da ya rufe farfajiyar a 1924. A 1926 aka aiko masa da wani matashi Bafaranshe masanin zanen gini, Jean-Philippe Lauer, mai shekara 24, da nufin ya taimaka na ƴan watanni. Lauer ya ci gaba da aiki a Saƙƙara har kusan mutuwarsa a 2001, yana da shekara 99. Mafi yawan ganuwar da ginshiƙan da baƙo ke gani a tsaye, shi ya tsince duwatsunsu cikin rairayi ya mai da kowane gurbinsa.

Ƙarƙashin dalar akwai wata rijiya mai faɗin metir 7 da zurfin metir 28, a gindinta aka yi ɗakin gawar sarki da jan dutsen Aswan. Daga ita hanyoyi suka rarrabu cikin duwatsu, tsawonsu in an haɗa ya haura kilometir 5. A gefen gabas kuma akwai wasu rijiyoyi 11 a jere, kowace ta nutsa fiye da metir 30 kana ta miƙe ta yi yamma. Biyar na farko kaburburan iyalin sarki ne, a ciki aka iske akwatunan gawa na farin dutse da ƙasusuwan wani yaro. Da ma'aikata suka kutsa cikin ta shida da ta bakwai, tsakanin 1933 da 1936, sai suka tarar da hanya a toshe. Kwanukan dutse ne jibge tun daga ƙasa har rufi, wani cikin wani, kamar mangazar babban attajiri da ba a taɓa buɗewa ba. Rufin ya rufta a wurare da yawa, ya farfasa mafi yawansu. Da Lauer da abokin aikinsa James Quibell suka fitar da su, aka ƙiyasta yawansu ya kai dubu 40. An ɗauki shekaru ana zaɓen tsingaro ana haɗa kowane da ɗan'uwansa.

Wasu daga cikinsu na nan a gidan tarihi na Imhotep, wanda aka buɗe a 2006 a gindin tudun, wasu kuma an kai su Alƙahira. Akwai akusa, da kasake, da farantai masu faɗi, da tuluna dogaye kamar turmi, da ƙananan tebura masu ƙafa ɗaya na aje abinci. Akwai na farin dutse mai jijiya, wanda haske ke ratsawa in an ɗaga shi ga rana, shi Turawa ke kira alabasta. Akwai na baƙin dutse, da kore, da mai ɗige-ɗige kamar zabo. Wani kwanon leɓensa bai fi kaurin ƙwarya ba. Wani tulun bakinsa ƙunci, cikinsa kuwa an rarake shi har kafaɗa, inda yatsa ba ya kai wa. Wani babban tulu na alabasta an sassaƙa masa mutum durƙushe ya ɗaga hannuwa biyu, alamar miliyoyin shekaru, yana ɗauke da rumfar bikin sabunta sarauta. A wasu kaburbura na Saƙƙara an samu faranti mai siffar ganyen ɓaure da wani mai siffar kwando, har da saƙar kaba a jikinsa, duk da dutse.

Ke nan kafin Misirawa su ɗora dutse kan dutse su yi gini, sun shafe fiye da shekara dubu suna rarake shi suna yin kwanuka. A wannan sana'a suka san halin kowane dutse, wanda ke tsagewa da wanda ke jure gugar yashi. A bakin ƙofar gidan tarihin an aje gindin wani mutum-mutumin Zosar da Firth ya tono a 1926. A kansa aka rubuta sunan Imhotep, wanda ake danganta ginin dalar gare shi, tare da muƙamansa: mai riƙe hatimin sarki, shugaban babban gida, babban malamin bautar rana. A ƙarshen jerin an ambaci sassaƙa, kuma masana da dama sun karanta alamar ƙarshe da ma'anar mai yin kwanukan dutse.

Sunayen da ke jikin kwanuka

Abin da ya fi ɗaure wa masu tonon kai shi ne rubutun. Kwanuka da yawa na ɗauke da sunan sarki, an zana shi cikin hoton fuskar fada, shaho na tsaye a kai. Mutum zai zaci sunan mai kabarin ne, amma ba shi ba ne. Sunayen magabatansa ne na gidan sarauta na ɗaya da na biyu: Narmer, wanda ake ɗauka shi ya haɗa Kudu da Arewa wajen shekara ta 3100 kafin Annabi Isa (AS), da Jer, da Den, da Anejib, da Semerket, da Ƙa'a, da Hotepsekemwi, da Ninecer, da Sekemib, da Kasekemwi. Watau ranar da aka saukar da kwanon Narmer cikin ramin, ya riga ya shekara fiye da 400 a hannun mutane.

Darajar wannan rubutu ba ƙarama ba ce. Jerin sarakunan da Misirawa suka bari, irin wanda sarki Seti na ɗaya ya sa aka sassaƙa a ɗakin bauta na Abidos, an yi shi ne bayan shekaru fiye da dubu, lokacin da magatakarda suka daina gane wasu tsofaffin sunaye har suna jirkita su. Maneto, malamin da ya kasa sarakunan gida 30, ya yi rubutunsa da Girkanci a ƙarni na 3 kafin Annabi Isa (AS), ya fi kusa da zamaninmu bisa ga zamanin Narmer. Kwanukan kuwa shaidu ne na gani da ido, domin an rubuta su sarkin na raye ko bai daɗe da mutuwa ba. A kan wasu an iske sunaye huɗu a jere, Den, Anejib, Semerket, Ƙa'a, kowane sarki ya gaji kwanon sai a ƙara sunansa gefen na wanda ya gada. Da irin wannan aka tabbatar da wa ya bi wa a ƙarshen gidan sarauta na ɗaya. Pierre Lacau, Bafaranshen da ya daɗe yana shugabantar hukumar kayan tarihin Misira, shi ya duƙufa tare da Lauer wajen karanta waɗannan rubuce-rubuce, kuma sai a 1965 aka kammala buga aikin nasu.

Ban da sassaƙaƙƙen rubutu, akwai ɗaruruwan kwanuka da aka yi wa rubutu da tawada. Wannan zai fi jan hankalin ma'aikacin biro, domin aikin magatakarda ne tsantsa: sunan ma'aikacin da kaya suka bi ta hannunsa, da gidan ajiyar da aka shigar da su, da bikin da aka kawo su dominsa. Tun a wannan zamani gwamnati na da baitulmali, da rumbuna, da masu hatimi, kuma ana ƙidayar dukiyar ƙasa a kai a kai don sanya lanho. A arewacin Saƙƙara, cikin kabarin Hemaka, mai riƙe hatimin sarki Den, Walter Emery ya samu wani naɗin takardar fafirus a 1936, mafi tsufa da aka sani a duniya. Babu ko ɗigo a kanta. Takardun wannan zamani kusan duk sun ruɓe, abin da aka rubuta a kansu ya tafi. Wanda aka rubuta a kan kwano shi ya saura.

Sai dai ba kowane magaji ne ya yarda ya ƙara sunansa gefen na wani ba. A kabarin Semerket da ke Abidos an tarar da kwanuka waɗanda aka kankare sunan Anejib daga jikinsu. A wani kwanon an goge sunan sarki Raneb aka ɗora na Ninecer, amma gurbin tsohon rubutun bai ɓace ba, ana ganinsa in an karkata shi ga haske. Ƙarshen gidan sarauta na biyu kuwa lokacin fitina ne. Wani sarki mai suna Peribsen ya sauke shaho daga kan sunansa ya ɗora dabbar Set, abokin gabar shaho a addininsu. A birnin Neken na kudu, Quibell ya tono manyan tulunan dutse na sarki Kasekem a ƙarshen ƙarni na 19, an rubuta musu shekarar yaƙi da maƙiyan Arewa. A gindin mutum-mutumin wannan sarki an zana gawawwaki warwatse, aka rubuta adadin 47.209. Da ƙura ta lafa sai ya ƙara wa sunansa harafi ya koma Kasekemwi, ma'ana iko biyu sun bayyana, ya ɗora shaho da Set tare a kan sunan. Shi Zosar ya gada. An samu hatimin Zosar a kabarin Kasekemwi da ke Abidos, alamar shi ya yi masa sutura.

Me ya sa sabon sarki ya tara wannan kaya duka ya kai ƙarƙashin dalarsa? Lauer na ganin kwanukan sun fito ne daga kaburburan sarakunan farko da aka fasa lokacin fitinar, aka tattara abin da ya saura a mangazar fada, shi kuma Zosar ya sake binne su don girmamawa. Masanin Jamus Wolfgang Helck na ganin daga ɗakunan ajiya na wuraren bauta aka kwaso su. Ko wanne ne gaskiya, abu ɗaya ya tabbata. Zosar na da masassaƙa fiye da duk wanda ya gabace shi, kankare suna kuwa aikin yini ɗaya ne, amma ya bar sunayen yadda ya same su. Har na waɗanda suka yi gaba da juna ya haɗa a rami guda.

Yadda ake dafa dutse

Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Masu wannan sana'a ba su san baƙin ƙarfe ba. Abin da ke hannunsu shi ne jan ƙarfe, wanda ake samowa daga Sina'i da hamadar gabas, da ƙanƙarar dutse irin ta ƙyastu, da itace, da yashi.

Samo dutsen kansa tafiya ce ta ayari. Alabasta daga Hatnub ake kawo mafi kyaunsa, cikin hamada kimanin kilometir 300 kudu da Alƙahira. Kore-koren dutsen nan mai santsi daga Wadi Hammamat yake, a kan hanyar da ta tashi daga Ƙift zuwa Bahar Maliya. Jan dutse da baƙi mai ɗigo daga Aswan. Wani dutse mai tsananin tauri, fari da ratsin baƙi, sai an je Jabal al-Asr, kilometir 65 arewa maso yamma da Abu Simbel, inda babu ruwa babu inuwa. Daga can zuwa Mamfis ya haura kilometir dubu, ya fi nisan Yamai zuwa Damagaram. Jakai ne ke ɗauko shi zuwa bakin kogi, domin raƙumi bai zama dabbar fatauci a Misira ba sai can baya. Ba mai iya shirya irin wannan ayari, da guzurinsa da masu tsaronsa, sai fada. Shi ya sa kwanon dutse ya zama kayan sarauta, sarki ke ba da shi kyauta ga wanda ya so.

Wanda ke son ganin yadda ake aikin, sai ya fito daga farfajiyar Zosar ya yi arewa maso gabas da ƙafa, zuwa kabarin Mereruka, wazirin sarki Teti, wanda ya rayu bayan Zosar da kimanin shekara 300. Kabarin na da ɗakuna fiye da 30, kuma a bangon ɗaya daga cikinsu an zana masu sana'a a bakin aiki: maƙera na hura wuta, masu awo na auna ƙarfe, kafintoci na sassaƙa, ga kuma masu kwanuka zaune. Kowane na riƙe da wata sanda a tsaye cikin bakin tulu. Samanta a lanƙwashe yake don riƙo, an ɗaura mata duwatsu biyu don nauyi, ƙasanta kuwa a tsage yake kamar gwafa, an maƙala masa ɗan dutse. Ma'aikaci na murɗa ta dama da hagu, kamar yadda mace ke juya maburgi cikin miya, sai dai a hankali. Wannan sanda ta shahara har hotonta ya zama harafin da ake rubuta kalmar sana'a da mai sana'a da shi a rubutun Misirawa.

Ana fara daidaita bayan kwanon ne da bugun dutse da guga. Sa'an nan a huda tsakiyarsa da bututun jan ƙarfe, ana zuba yashi a ƙarƙashi. Jan ƙarfe ba ya cin dutse mai tauri, yashin ne ke ci, bututun na tura shi kawai. In ramin ya yi zurfi sai a karya ɗan turmin dutsen da ya saura a tsakiya a fitar. Daga nan a dinga sa duwatsun rarake, ƙarami, sai babba, sai wanda ya fi shi, kowane ana shigar da shi a kaikaice ta ƙuncin baki, a gyara masa zama a ciki, har tulun ya yi ciki. A ƙarshe a goge da lallausan gari har ya yi sheƙi.

Flinders Petrie, wanda ya fara nazarin ragowar wannan aiki a Giza, ya rubuta a 1883 cewa lalle bututun na da haƙoran duwatsu masu daraja. Alfred Lucas, masanin sinadarai da ya yi aiki a Alƙahira, ya nuna yashi ya isa. Daga baya Denys Stocks na birnin Manchester ya ƙera irin waɗannan kayan aiki da hannunsa, ya huda jan dutse da su, ya yi tulu, ya buga sakamakon a 2003. Ya nuna aikin na cin jan ƙarfe da yawa, yana cin lokaci, kuma ƙurar da ke tashi mai lahani ce ga huhun ma'aikaci.

Duk da haka baƙo zai ji masu cewa wannan aiki ya fi ƙarfin hannu, wai injuna ne na wata al'umma da ta ɓace, ko wasu halittu daga sama. Sukan kafa hujja da wani faifan dutse mai kunnuwa uku lanƙwasassu, faɗinsa santimetir 61, wanda Emery ya samu a 1936 cikin kabarin wani ma'aikaci mai suna Sabu, suna cewa farfelar inji ce. Dutsen faifan mai saurin karyewa ne, a farfashe ma aka tsince shi. Ga kuma kwanukan da aka bari ba a ƙare ba, da duwatsun rarake, da guntayen da aka karyo daga tsakiya, da hoton ma'aikatan a bango. Sarakuna sun sa sunansu a kan kwanuka, masu yin kwanukan kuwa ba a san sunan mafi yawansu ba. In aka ƙara da raba su da aikin hannunsu, an yi musu zalunci biyu.

Bayan Zosar sana'ar ta fara ja da baya. Daga gidan sarauta na huɗu, zamanin da aka gina dalar Giza, ƙarfin fada ya koma ga manyan gine-gine da mutum-mutumi. Kwanukan duwatsu masu tauri suka ragu, alabasta mai sauƙin aiki ya mamaye, har aka koma sa wa mamaci ƴan ƙananan kwanuka na kwaikwayo waɗanda ba a ko rarake su sosai ba.

Inda fatauci ya kai su

Kwano mai sunan sarki takardar shaida ce a ƙasar waje. A Jubail, tsohuwar tashar jirgin ruwa arewa da Bairut, inda Misira ke sayen katakon al'ul, masu tono na Faransa sun samu guntun kwano mai sunan Kasekemwi, da wasu masu yawa na sarakunan da suka biyo baya. A kufan Ebla, kudu da Halab a ƙasar Sham, ƴan Italiya sun tono kwano mai sunan Kafra, mai dala ta biyu a Giza, da murfi mai sunan Pepi na ɗaya. A Karma ta ƙasar Sudan an samu tsingaron alabasta masu sunan sarakuna biyu da ake kira Pepi. Har a tsibirin Kirit, cikin fadar Kunosos, an tsinci murfi mai sunan sarki Kiyan. Da yake an san zamanin waɗannan sarakuna, kwanukan sun taimaka wajen sanin shekarun biranen da aka same su a ciki.

Sau da yawa abin da ke cikin tulun ya fi tulun tsada. Mai ne na shafawa da turare, kuma dutse na riƙe sanyi, ba ya tsotse mai kamar yumɓu. Da Howard Carter ya buɗe kabarin Tutankamun a 1922, ya iske ɓarayin dauri sun riga shi shiga. Sun juye man cikin salkuna, suka bar tulunan alabasta a wurin, har da sawun yatsunsu a cikin abin da ya saura.

Sana'ar ba ta mutu ba gaba ɗaya. A Gurna, yamma da kogi daura da birnin Luksor, akwai gidajen da ake rarake alabasta da hannu, da wata sanda mai mariƙi wadda ba ta da nisa da ta bangon Mereruka, sai dai bakinta na ƙarfe ne. Ɗan kasuwar da ke sha'awar saye ya lura da abu biyu. Na hannu ya fi sauƙin nauyi, jikinsa ba ya yin sumul sarai, haske kuma na ratsa shi, alhali akwai na inji da na garin dutse da aka kwaɓa da roba. Na biyu, dokar Misira mai lamba 117 ta 1983 ta haramta cinikin kayan tarihi da fitar da su. Duk wanda ya jawo baƙo gefe ya ce yana da tsohon kwano na sayarwa, ko dai jabu ne, ko kuwa abin da zai kai mai saye gidan kaso daga filin jirgi.

Girgizar ƙasa ta 1992 ta raunana dalar Zosar ƙwarai, har rufin babbar rijiyar ya soma zubowa. An fara gyara a 2006, aka sake buɗe ta ga masu ziyara a 2020. Kafin baƙo ya bar farfajiyar, ya dace ya leƙa gine-ginen da ke gabas da dalar, inda aka rufe wasu rubuce-rubucen tawada da gilashi. Na masu ziyara ne irinsa. Ɗaya daga cikinsu magatakardan baitulmali ne mai suna Hednakt, wanda ya rubuta cewa a shekara ta 47 ta sarautar Ramsis na biyu ya zo shan iska yammacin Mamfis tare da ɗan'uwansa, magatakardan waziri. A lokacin dalar ta shekara kimanin 1400. Wasu masu ziyarar na wannan zamani sun rubuta sunan Zosar a bangon, sun san mai wurin. Ba su san cewa metir 30 ƙarƙashin ƙafafunsu akwai sunayen sarakuna goma da suka riga shi ba, waɗanda ya adana cikin duhu, sai da aka ƙara shekara fiye da dubu 3 kana aka fito da su aka karanta.